Kawu da Farantan Gilashinsa

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, ƙofar gidansa da ke Gwadabawa ba ta ɗauki jama'a ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Mu mata muna ciki tare da Goggo, matarsa, amma labarin waje yana shigo mana ta bakin masu kai ruwa. Aka ce mahautan Jimeta sun zo ayari guda, tsofaffinsu a gaba. Babbansu, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tafiya, ya zauna ya yi addu'a ya shafa, sannan ya dubi 'ya'yan Kawu ya ce, "Ubanku ya hana ni sakat shekara da shekaru. Naman da ya sa aka binne mini, da an tara shi da ya ciyar da unguwar Nassarawo kaf. Amma wallahi ban taɓa kama shi da son rai ba. Allah ya jiƙan Dokta."

A cikin gida kuwa, wata tsohuwa ce ta shigo da ƙurar hanya a ƙafarta, ta wuce kowa ta je ta zauna kusa da Goggo, ta riƙe hannunta. Sai da ta ɗago na gane ta. Adda ce, mai kawo mana nono daga rugar da ke hayin Binuwai tun ina amarya. Muka dubi juna, ni da ita, kowace ta san abin da ke ran 'yar'uwarta. Ta ce da ni da irin Hausarta, "Dokta ya tafi. Ni ya zo in gaishe shi, ko bai ji ba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na tsinta a bayana. Wasu 'yan mata cikin jikokin dangi suna raba abinci, ɗaya ta tambayi 'yar'uwarta, "Wai shi marigayin, me ma ya yi ne a gwamnati?" Ɗayar ta ce, "Likitan shanu ne, ina ji. Allura yake musu." Ban ga laifinsu ba. Sun tashi sun tarar da tsoho mai farin gemu da ke korar su wanke hannu kafin cin tuwo. Amma na ce a raina, in mu da muka gani muka yi shiru, to iyakar abin da zai rage ke nan.

Kawu yayan Dada ne, mahaifiyata. Su mutanen tsohuwar Yola ne, gidan malamai. Babana kuwa Bahaushen Jimeta ne, jikan fataken da suka zo daga arewa, dillalin shanu, yana kuma da rumfar sayar da magungunan dabbobi a kasuwa. Ni a tsakanin gidajen nan biyu na girma.

Lokacin da aka sami 'yancin kai, Kawu yana cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka yi karatun likitancin dabbobi. Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa ya tattara ya tafi, ya bar masa ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da firjin kananzir, da madubin nan mai ƙara girman abu har a ga ƙwayar cuta, da akwatunan wasu faifayan gilashi masu murfi, waɗanda mu a gida muke kira farantan Kawu. Da aka yi Jihar Arewa Maso Gabas, sai gwamnati ta ɗora shi a kan binciken cututtukan da ke bin nama da nono su shiga cikin mutane. Aka ba shi ma'aikata 'yan kaɗan da wata tsohuwar Landiroba da sai an tura take tashi. Da wannan ya riƙa zaga mayanka da kasuwannin shanu da rugage, tun daga bakin Binuwai har gindin duwatsu.

Mutum ne dogo, marar yawan dariya, mai tafiya kamar an aike shi. Kullum akwai guntun sabulu a aljihun rigarsa, a naɗe cikin hankici. In aka kawo masa fura, sai ya tambaya, "An tafasa madarar kafin a kwantar da ita?" Ko a gidan wa yake, sai ya tambaya. Goggo ta sha jin kunya a gidajen biki saboda wannan. Ta ce masa, "Dokta, ko don idon mutane ka sha ka yi shiru." Ya ce, "Idon mutane ba ya tsayar da zawo."

Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita. Yakan ce, "Ƙwayar cuta ɗaliba ce, kuma ta fi 'ya'yanmu ƙoƙari. In ka ba ta magani kaɗan-kaɗan, karatu kake koya mata. Ranar da ta sauke, kai da ita sai kallo." A lokacin muna ɗaukar wannan a matsayin irin zancen 'yan boko. Zamanin ne da allura da kafso suka cika kasuwa, kuma abin kamar sihiri: maraƙi na kwance, a soka masa, gobe ya miƙe. Makiyaya suka riƙa saye suna sokawa da kansu, ga mai ciwo, ga mai lafiya, wai don ta yi ƙiba. A soka wa saniya da safe, a tatse ta da yamma, ko a kai ta mayanka washegari. Rumfar Baba ba ta rabuwa da mutane.

Na fahimci maganar Kawu ne a kan ɗana na fari.

Ina koyarwa a firamare a lokacin, yaron bai daɗe da yaye ba. Cikin tsananin zafin nan na bazara, da ko tabarma ƙona baya take yi, sai gudawa ta kama shi da zazzaɓi. Muka kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan maganin da ake ba kowa, wanda aka san yana aiki. Shiru. Aka ƙara, shiru. Yaron da ke gudu a tsakar gida ya koma idanu kawai, fatar cikinsa in ka ja ba ta komawa. Likitan ya ce mini shi ma abin ya ɗaure masa kai, don ba ɗana kaɗai ba ne, akwai wasu yaran a ɗakin da maganin ya ƙi ci.

Kawu ya zo dubiya da rana tsaka. Bai yi mini dogon jaje ba. Ya tsaya a kan yaron, ya dube shi, sannan ya juyo.

"Me yake ci tun da kika yaye shi?"

"Kunu, Kawu. Da kindirmo."

"Na wa?"

"Na Adda. Ita ke kawo mana kullum."

"Akwai saura a gida?"

Na ce akwai. Ya je ya yi magana da likitan, aka ba shi abin da yake so daga bayan gidan yaron a cikin kwalba, ya biya gidana ya ɗauki ƙwaryar kindirmon, ya wuce. Kafin la'asar ya tsallaka kogi a kwalekwale, shi da ma'aikatansa, sun nufi rugar su Adda.

Abin da ya tarar a can, Adda ce ta ba ni labari daga baya. Maruƙa na ta zawo tun farkon bazara, maza na ta soka musu allura, ba sauƙi. 'Yarta ƙarama, sa'ar ɗana, tana kwance a bukka da irin ciwon nan. Kawu ya ce a ɗauko ta yanzu a tsallaka da ita. Kafin su kai bakin ruwa rai ya yi halinsa. Shi ya karɓi yarinyar daga hannun uwar, ya naɗe ta da babbar rigarsa, ya juya da ita rugar, ya tsaya aka yi mata sutura. Sannan ya ɗebi abin da ya zo ɗiba daga maruƙan da ƙoren nono, ya dawo.

Aikin farantan nan, ga yadda yake. A cikin kowanne akwai wani abu kamar daskararren kamu, wanda ƙwayar cuta ke ci ta hayayyafa. Sai a shafa abin da aka ɗebo a kai, a jera wasu 'yan ƙananan takardu, kowace an jiƙa ta da magani iri ɗaya, a rufe a bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi. In maganin yana kashe cutar, za a ga fili fes kewaye da takardarsa. In kuwa cutar ta fi ƙarfinsa, sai ta mamaye har jikin takardar. Kawu ya shuka na ɗana, da na kindirmon, da na maruƙan. Duka suka fito iri ɗaya. Maganin da ake ba yaran a asibiti, cutar ta hau kansa ta zauna. Can gefe guda, takarda ɗaya tak ce ke da fili kewaye da ita.

Da hannunsa ya kai wa likitan farantin. Suka tsaya a bakin taga suna dubawa, kai da kai, kamar masu duba wata. Likitan ya canja wa yaran magani a ranar. Ɗana ya tashi, da ƙyar, amma ya tashi. Yau shi ke da jikoki. Ba duka yaran ɗakin ne suka fita da ƙafafunsu ba.

Daga asibitin, Kawu bai koma ofis ba. Gidanmu ya nufa, wurin Baba. Ina can na je ɗauko wa yaron kaya, don haka da idona na gani. Baba na zaune a zaure yana alwala. Kawu ya yi sallama, ya ajiye farantin a kan tabarma.

"Alhaji, dubi nan."

"Me zan gani? Ni ba boka ba ne."

"Jikanka ne a ciki. Wannan takardar, maganin da kake sayar wa mutanen hayi ne. Sun yi ta ɗirka wa maruƙa har cutar ta saba da shi. Ta bi nono ta shigo gidan 'yarka. Da aka ba yaron ɗan'uwan maganin a asibiti, sai ta yi masa dariya."

Baba ya ajiye buta. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wato ni na so kashe jikana ke nan?"

"Ban ce ka so ba. Na ce hanyar ta bi ta rumfarka."

"Ni na ƙera maganin? Gwamnatinku ce ta bari aka shigo da shi. Mutum ya zo da abinsa na ciwo, in ce masa ya je ya jira Dokta ya gama shuka a faranti? Kafin nan saniyar ta mutu. Kai albashi kake ci, ko an yi ruwa ko ba a yi ba."

"Gaskiya ne, albashi nake ci. Shi ya sa ba ni da hujjar yin shiru."

"To ka fita mini daga zaure da kwanon tsafinka."

Kawu ya ɗauki farantinsa, ya rufe, ya ce, "Zan fita. Amma gobe zan zo rumfar, jibi ma haka." Dada tana bayan ƙofa tana jin su, yayanta da mijinta. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ya kuwa cika alkawari. Ba shi da ikon rufe rumfar kowa, bai kuma nema ba. Kujera ya riƙa kawowa ranar kasuwa, ya zauna a inuwar da ke fuskantar rumfar Baba. Duk makiyayin da ya fito da kwalba, sai ya kira shi da Fulatanci, su gaisa, ya tambayi lafiyar garke, sannan ya ce, "Me ke damun saniyar?" In ciwon na allura ne, ya faɗa masa yawan da zai yi da tsawon lokacin da zai yi, ya ce kada a sha nononta ko a yanka ta sai maganin ya fita daga jikinta. In ba na allura ba ne, ya ce masa ya mayar. Wasu su ji, wasu su yi masa kallon mahaukaci. Baba yana ciki yana cika yana batsewa. Suka daina gaisawa har aka yi sallah biyu, Dada na kai tuwon sallah gidan yayanta a ɓoye.

Ban san ranar da Baba ya sauko ba, don bai taɓa cewa ya sauko ba. Na dai je rumfar wata rana na ji shi yana ce wa wani Bafulatani, "Tsaya tukuna. Je ka wurin surukina can ya ji bayaninka, in ya ce a ba ka sai in ba ka." Da rana ta take, na ga an aika wa Kawu da ruwan sanyi a moɗa. Iyakar sulhunsu ke nan, kuma ya riƙe har Baba ya bar duniya. Kawu ne ya yi masa wanka.

Abin da ban manta ba shi ne yadda ya yi da Adda. Magana ta bazu a Jimeta cewa nonon hayi na kashe yara. Matan rugar suka riƙa dawowa da ƙorensu cike, ba mai saye, ga Adda da zafin rashin 'ya. Wani ma'aikacin lafiya ya kawo shawarar a hana su shigowa gari gaba ɗaya. Kawu ya ce, "In kun kore su, gobe wasu za su kawo daga wata rugar, da cuta iri ɗaya. Ba matan ne ciwon ba." Ya koma hayi ya zauna da Arɗo, shugaban rugar, aka ware maruƙa masu zawo, aka gyara wurin tatsa, ya sa matan suka riƙa tafasa madara kafin su kwantar. Da ya sake gwadawa ya ga nonon ya fita tas, sai ya zo tsakiyar kasuwa, inda masu nono ke zama, ya durƙusa gaban Adda, ya ce ta dama masa. Mutumin da duk Yola ta san ba ya shan furar gidan biki, ya shanye ƙwarya guda a gaban jama'a, ya goge gemu, ya yi mata godiya da Fulatanci, ya ce, "Useko, Adda." Kafin azahar ƙorenta sun ƙare.

Da mahauta kuwa, kusan kullum sai an yi. Da asuba yake isa mayanka, ya duba hanta, ya duba huhu, ya duba wuya ko akwai tabon sabuwar allura. In ya ce a binne, to a binne. An yi masa barazana, an kai ƙararsa, an aiko masa da cinyar bijimi har gida, ya sa aka mayar. Goggo ta ce ranar har hawaye ta yi, don rabonsu da nama an kwana biyu.

Wani babba ya taɓa zuwa rangadi daga Maiduguri, inda hedikwatar jiha take a lokacin. Ya leƙa ɗakin gwajin, ya ga farantai jere, ya ce, "Dokta, aikin da ke gabanmu rigakafin cutar bushiya ta shanu ne. Wannan leƙen ƙwaryar nono da kake yi, wa ya damu da shi? Ga kujera can hedikwata tana jiranka, da fanka da mota." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, rigakafin muna yi, ba mu fasa ba. Amma bushiya shanu take kashewa, kowa na gani. Wannan kuwa maganin kansa take kashewa, ba mai gani sai ranar da aka nema aka rasa. In na tafi, wa zai riƙa dubawa?" Ya ƙi kujerar. Abokan karatunsa suka yi ta hawa, shi yana nan da firjin kananzir. Ya yi ta rubuta rahoto yana aikawa sama, a amsa wani, a manta da wani. Abin da ya fi alfahari da shi, matasan da ya horar a ɗakin nan, waɗanda suka watsu cikin jihohin da aka yanka daga baya, kowanne da taurin kai irin nasa.

Kada in sa a ɗauka waliyyi ne. Kawu yana da kaifin harshe, ba ya iya lallashi, kuma 'ya'yansa sun fi sanin bayansa da fuskarsa, don kullum yana daji. Goggo ta ɗauki nauyin da ba kowace mace za ta ɗauka ba. Shi ma ya sani. Da ya tsufa yakan ce, "Ladan aikin nan, in akwai, rabi na wannan baiwar Allah ne."

Bayan ya yi ritaya idanunsa suka yi rauni, amma kunnensa bai yi ba. A 'yan watannin nan na ƙarshe na je gaishe shi, cikin hira na ce masa maƙwabciyata a Bekaji ta fara kiwon kaji a bayan gida, kullum tana zuba musu wani gari mai launin ɗorawa a ruwan sha.

Ya miƙe zaune. "Ciwo suke yi?"

"A'a, Kawu. Wai don kada su yi."

"Kira mini keke."

Goggo ta ce, "Dokta, da wace ƙafar?" Ya ce da wadda ta rage. Haka muka ɗora shi a keke mai ƙafa uku, ni a gefe ina riƙe da sandarsa, muka ratsa Jimeta cikin rana. Maƙwabciyar tawa ta rikice da ganin dattijo a ƙofar akurkinta. Ya sa aka kawo masa kujera, ya tambayi sunan garin maganin, ya tambayi wa ke cin ƙwan. Ta ce 'ya'yanta, da na unguwa. Ya yi mata bayani a hankali, da taushin da ban san yana da shi ba: ta share akurkin, ta rage cunkoso, ta yi musu rigakafi, ta bar magani sai ranar ciwo, ranar ma da shawarar likita. Ta ce, "Baba, kowa fa haka yake yi." Ya ce, "Na sani, 'yata. Ke dai ki zama wadda ba ta yi." Sai ta ɗauki robar ruwan ta zubar a gabansa.

A hanyar komawa numfashinsa na fita da ƙyar. Tausayi ya kama ni, na ce, "Kawu, tun muna yara kake wannan faɗan. Ga shi abin sai ƙaruwa yake. Ba ka gaji ba?"

Ya ce, "Na gaji mana. Amma ai mace ɗaya ta ji yau." Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Wa kuma ke da kaji a layinku?"

Na lissafa masa gidajen da na sani. Ya ce in shirya, mako mai zuwa za mu je na gaba. Makon bai zo masa a tsaye ba. Ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba ke nan.

Allah ya yafe wa Kawu kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa wahalar da ya sha saboda 'ya'yan mutane ta tarbe shi a can. Ya ba Goggo haƙuri irin wanda ta saba da shi, da ƙari.

Da aka share makoki na koma Bekaji. Washegari da safe na yafa mayafina, na ƙwanƙwasa ƙofar gida na gaba. Matar ta leƙo, kaji na kuka a bayanta, ta ce, "Malama, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Kawuna ne ya aiko ni."